Yawun Ustad Tufail

Shekara goma sha tara na yi ina tsugune a bayan sanduna ina cafe ƙwallon da Tufail Gondal ke jefowa, don haka labarinsa ba ji na yi ba, gani na yi. Sunana Inayat, gyaran na'urar sanyaya ɗaki nake yi a Sharja, kuma ni ne mai tsaron baya na ƙungiyarmu ta kurket, Zakunan Canab, har gwiwoyina suka ce sun gaji.

Tufail ɗan wani ƙauye ne kusa da Gujrat, a bakin kogin da muka ari sunansa. Yana da shekara goma sha bakwai wani mai horarwa ya gan shi yana jifa a filin makaranta, ya ce ya zo Lahor a gwada shi. A makon da zai tafi mahaifinsa ya faɗi a gona bai tashi ba. Ya bar masa uwa da ƙanne mata uku da bauna guda, irin ta gida da ake tatsa. Tafiya Lahor ta sha ruwa. Bayan 'yan shekaru ya samu takardar aiki ya zo Sharja, aka ba shi tankar ruwa, ita ya riƙa tuƙawa tsakanin wurin ɗiba da wuraren gine-gine fiye da shekara ashirin. Matarsa da 'ya'yansa suna gida, sai hutu yake ganinsu. Kwana shida shi direba ne kamar kowane direba, ɗan kwangila ya daka masa tsawa ya ce to. Amma ranar Juma'a da an idar da asuba, a filin yashin Saja'a inda aka shimfiɗa siminti tsakanin rumbunan ajiya biyu, ba mai kiran sunansa gatsal. Ustad ake cewa, wato gwanin sana'a.

Ba ƙarfin jifa gare shi ba. Yawu gare shi. Siminti yana saurin cinye fatar ƙwallo, shi kuma sai ya bar gefe ɗaya ya ƙoƙe, ɗaya gefen ya yi ta shafa masa yawu yana gogawa a cinyar wandonsa har ya riƙa sheƙi kamar tuffa. Kullum akwai alewar na'a-na'a a kuncinsa. In ya sako ƙwallon sai ta taho miƙe, mai bugu ya shirya mata, tana dab da isowa ta karkace kamar wadda aka kira sunanta, ta bi ta ƙarƙashin katakonsa ta watsar da sanduna, an fitar da shi ke nan. Ni da nake baya sau da yawa ta yaudare ni. Mutanen Kerala da Pathanawa da 'yan Sri Lanka, duk ƙungiyoyin gasar ma'aikata ba wadda ba ta sha kuka a hannunsa ba. Matasa kan tambaye shi sirrin, ya ce, "Ku je ku tambayi iyayenku mata me suka shayar da ku." Bai taɓa koya wa kowa ba. Shi ne kyaftin ɗinmu shekara goma sha huɗu, kofi kuwa sau biyu muka kai wasan ƙarshe, sau biyu muka dawo hannu rabbana. Wannan ya tsaya masa a rai.

Shamshad mijin ƙanwarsa Kausar ne. Tufail ne ya nemo masa aiki a wani shagon kayan gyaran mota, shi ya ɗauko shi daga filin jirgi, shi ya ba shi katifa a ɗakinmu. Siririn mutum ne mai tabarau, mai magana ƙasa-ƙasa, irin wanda in ya shigo ɗaki sai an jima a lura. Yana jifa a hankali da hannun hagu, jifar da ba yabo ba fallasa. Albarkacin surukuta aka sa shi a ƙungiya, kowa ya sani, shi ma ya sani. Abin da ya fi mu shi ne karatu. Yana da ƙaramin littafin dokokin wasa da ya sha jiki, a aljihu yake yawo da shi.

Wata Juma'a a shekara ta 2011 muna wasa da wata ƙungiyar mutanen Kerala. Mai bugun da ke tsaye a gefen mai jifa, wanda ke jiran abokinsa ya buga su ruga, sai satar taku yake yi. Kafin ƙwallo ta bar hannu ya yi taku uku gaba da layi. Shamshad ya taho kamar zai jefa, ya tsaya cak, ya juya ya taɓa sanduna da ƙwallon, ya dubi alƙalin wasa. Alƙali ya ɗaga yatsa, alamar an fitar da mutumin, don doka ta yarda. Amma a wancan zamani yardar doka daban, yardar mutane daban. A littafin ma a babin rashin adalci aka ajiye wannan magana. Fili ya ɗauki ihu. Tufail ya taho daga inda yake tsaye, bai gaggauta ba, ya ce wa alƙali mun janye neman a fitar da shi, ya kama hannun mutumin Kerala ya mayar da shi wurinsa. Sannan ya juyo kan surukinsa a gaban mutum sama da ɗari.

"Kai, a gidanku haka ake cin abinci? Mutum ya juya baya ka zare masa gurasa?"

"Paji, doka ta ce..." Haka yake kiransa, wato babban yaya.

"Doka ta ce. Ni na kawo ka ƙasar nan ka yi jifa, ban kawo ɗan sane ba. Ba ni ƙwallon."

Daga ranar sunan ya bi shi. Ɗan Sane. Har a shagonsu masu sayayya kan dafe aljihu in sun gan shi, a yi dariya, shi ma ya murmusa. Shekara goma ya fi zama a benci, shi ke ɗauko tulun ruwan sanyi da tabarma. Bai fasa zuwa ba ko sau ɗaya. A wajen fili kuwa Allah ya yi ta buɗa masa a hankali. Mai shagon ya damƙa masa reshe guda, ya kama gida mai ɗaki biyu, ya kawo Kausar da yara. Mu da Tufail muna nan mu shida a ɗaki ɗaya. Duk Juma'a bayan masallaci Kausar kan dafa biryani, shinkafarmu mai nama da kayan ƙamshi, ta kira yayanta, ni ma in bi. Tufail kan ci ya ƙoshi, a hanyar dawowa ya ce, "Ka ga labulen nan nasu? Na gwanjo ne." Ko ya ce gishiri ya yi yawa. A lokacin abin bai dame shi sosai ba, don yana da Juma'a da safe. Shamshad ya riƙe gida mai ɗaki biyu, shi ya riƙe fili.

Da annobar korona ta zo aka ce a dakatar da shafa wa ƙwallo yawu. Tufail ya ce na ɗan lokaci ne. Da aka dawo wasa ya koma shafa gumi, amma gumin Sharja ba ya sa fata sheƙi, jiƙa ta yake yi ta yi nauyi. Ƙwallonsa ta daina jin kira. Yaran da a da ke tsoronsa in ya taho suka fara aika ta kan rufin rumbu. Ya daure, yana jiran a ɗage hanin.

A ƙarshen zafin 2022 sakataren gasa, Mista Kuriyan, ya tara kyaftin-kyaftin a shagon shayin Moidu don ya karanta sababbin dokokin da masu rubuta dokar wasa suka fitar daga Landan. Na raka Tufail, Shamshad ma ya zo don shi ke da mota. Kuriyan ya gyara tabarau ya dubi wayarsa. Ya ce hanin yawu ya zama na dindindin, wanda ya shafa kamar wanda ya ƙwarzani ƙwallo ne da gangan, a ba abokan hamayya maki biyar. Ba wanda ya dubi Tufail, kuma wannan ya fi kallon ciwo. Kuriyan ya ci gaba. Ya ce fitar da mai satar taku an ɗauke shi daga babin rashin adalci, an mayar da shi cikin hanyoyin fitarwa na yau da kullum, kada wanda ya ƙara yi wa mai jifa ihu a kansa.

Kyaftin ɗin Pathanawa ya bushe da dariya ya daki kafaɗar Shamshad. "Ashe Turawa sun karanta littafinka, Ɗan Sane. Moidu, ƙara masa shayi, ni zan biya."

Shamshad ya sunkuyar da kai yana juya kofi. Tufail ya ciro alewar da ke bakinsa ya naɗe ta a takarda, ya ce, "Waɗanda ba su taɓa jifa a rana ba su ne ke rubuta wa masu jifa doka. Tashi mu tafi, Inayat." Bai shiga motar Shamshad ba, tasi muka hau.

Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A wasanmu na biyu a kakar gasar nan Shamshad ya fitar da mutum biyu ta wannan hanya, ba wanda ya ce uffan. Ashe shekara goman da ya yi a benci kallon ƙafafun mutane yake yi. Ya san wanda ke zumuɗi, ya san wanda ke ɗaga dunduniya da wuri. Masu bugu suka shiga tsoronsa, suka manne a layi, makin da suke sata da gudu ya ragu, hankalinsu ya rabu biyu, har jifarsa ta hagu da muke rainawa ta fara cin mutane. Wani ya ɗauki hotonsa mai motsi, ya zaga wayoyin ma'aikata daga Sharja har Ajman. Sunan Ɗan Sane bai canza ba, amma yanzu da kirari ake faɗinsa.

Na zauna ɗaki ɗaya da Tufail, na ga yadda abin ya riƙa cin sa. Ya kalli hoton nan ya fi sau hamsin, kowane kallo da tsaki. In matasanmu suka kewaye Shamshad suna tambayarsa, sai Tufail ya tuna ana bukatar a share siminti, ya kore su. Ya kira ƙauye ya gaya wa mahaifiyarsa cewa mijin Kausar ya fara girman kai, alhali mutumin ko murya bai ɗaga ba. Ya daina zuwa cin biryani, wai cikinsa ba ya son mai. Ranar da jaridar 'yan ƙasarmu ta buga ɗan ƙaramin hoton Shamshad a shafin baya, na ga Tufail ya shimfiɗa shafin ya zuba ƙashin kaza a kai.

"Ustad, surukinka ne fa," na ce masa. "In ya ci, mu muka ci."

"Shekara ashirin da biyar ina koyon abu ɗaya, Inayat. Da harshena, da yatsuna, da wandunan da na kashe. An wayi gari an ce ƙazanta ce. Shi kuma me ya koya? Tsayawa. Jaki ma ya iya tsayawa."

Rabin kaka, bayan an ci Tufail maki arba'in da ɗaya a wasa guda, 'yan ƙungiya suka zauna suka ce a sauya kyaftin. Shamshad ya ƙi, ya ce ba zai hau kujerar Paji ba. Tufail da kansa ya ce, "Karɓi mana. Ai zamaninku ne." Ya faɗa yana murmushi. Shamshad ya karɓa, kuma abin da ya fi ƙona Tufail shi ne ya iya. Ya san inda zai tsayar da kowa, ba ya zagi, ba ya mantuwa. Muka yi ta ci har muka kai wasan ƙarshe, karo na uku a tarihinmu, da ƙungiyar 'yan Sri Lanka masu aikin otal.

An yi wasan a watan Fabrairu, da sanyin safiya. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, Kausar da yara sun zo, ita da ba ta taɓa zuwa fili ba. Wasa ya yi zafi har ya rage jifa shida, su kuma suna neman maki tara. Kowa ya zaci Shamshad zai ba wani matashi mai ƙarfi. Sai ya taka har inda Tufail yake ya miƙa masa ƙwallon da hannu biyu.

"Paji, kai ka fara neman kofin nan. Kai za ka ƙarasa."

Tufail ya dube shi ya karɓa. Kuma wallahi ban taɓa ganin ya yi jifa irin ta ranar ba, ba yawu ba komai, tsabar wayo da tsufa a sana'a. Ta farko a kan yatsun ƙafa, ba maki. Ta biyu ya rage mata gudu, mai bugu ya kai duka ya sami iska. Ta uku maki ɗaya, ta huɗu maki ɗaya. Saura jifa biyu, suna neman bakwai. Kofi ya zo hannu. Mutanenmu suka miƙe a bakin fili suna buga robobin ruwa, kuma sunan da suke rerawa ba na mai jifa ba ne. Ɗan Sane suke cewa, Ɗan Sane. Mista Kuriyan ya ciro kofin daga kwali ya ɗora a kan tebur, ya sa hannun riga yana goge shi.

Na jefa wa Tufail ƙwallon. Ya cafe, ya juya zai koma inda yake faro gudu. Na ga ya tsaya ya dubi teburin, ya dubi Shamshad da ke gyara wa wani wurin tsayuwa, ya dubi rumfar da ƙanwarsa take. Yana daidai kafaɗar alƙalin wasa, wani dattijo mai suna Piyasena, ba taku biyu tsakaninsu. Ya sa yatsu biyu a baki, ya ciro, ya shafa a ƙwallon a hankali, ya goga a cinya.

Piyasena ya dube shi kamar yana fatan idonsa ne ya yi ƙarya. Sannan ya ce, "Ustad, me ka yi haka?" Ya karɓi ƙwallon, ya kira abokin aikinsa, suka ba da maki biyar, aka kawo wata ƙwallon. Saura maki biyu a jifa biyu. Ta gaba mai bugu ya zabga ta ta wuce iyaka, maki huɗu ke nan. 'Yan Sri Lanka suka kwaso a guje, mu kuma kowa ya tsaya inda yake.

A bakin motoci matasa suka taso wa Tufail, wani har yana kuka. Shamshad ya shiga tsakani ya ce, "Sabo ne. Hannun da ya yi shekara ashirin da biyar yana zuwa baki ba ya neman izini. Wanda ya ƙara magana ya bar ƙungiyar nan." Suka watse suna gunaguni. Yawancinsu har yau sun yarda sabo ne.

Ni ban yarda ba, don shekara biyu da rabi ina kallonsa bai yi wannan kuskure ko sau ɗaya ba. Ranar Talata da azahar na same shi a wurin ɗibar ruwa, yana zaune a inuwar tankarsa yana jiran layi. Na zauna kusa da shi.

"Sabo ne, Ustad?"

Ya daɗe yana kallon tiyon da ke ɗiga. "Da mun ci, wa za a ɗaga sama?"

"Kai ka yi jifar."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Hoton wa za a rataye a shagon Moidu? Shekara goma sha huɗu ina bin kofin nan. Shi wata huɗu. Kuma ni zan ɗauko in miƙa masa, har ya ce ya yi mini alheri ya ba ni jifar ƙarshe." Ya share fuska da rawaninsa. "Na ga Kausar ta miƙe tana tafi. Ni na aurar da ita, Inayat. Ba ta taɓa zuwa ta ga nawa wasan ba."

"To yanzu ka huce?"

"A'a," ya ce. "Na zaci zan huce."

Shamshad ya sani. Bai taɓa faɗa ba, amma ya sani, kuma Kausar ma ta sani. Juma'ar da ta biyo ta zo har ƙofar gininmu da kwanon biryani, ta aika a kira yayanta. Ina tsaye ta ce masa, "Paji, baban yara ya ce kada in yi maka magana, to ba zan yi ba. Ga abinci. Ka dawo mini da kwanon da ƙafarka, ba aike ba." Ya karɓa. Sai da ya yi mako uku kafin ya mayar, kuma daga nan ya koma cin abincin Juma'a, yana zaune a kusurwa, su biyun suna hirar farashin taya da zafin gari.

Bai ƙara jifa ba. Shamshad ya roƙe shi ya zo ya riƙa koya wa matasa, ya ce abin da ya iya an haramta, sauran kuwa kowa ya iya. A kaka ta gaba Zakunan Canab suka ci kofin. Tufail yana bakin aiki ranar, shi ya nemi a ba shi aikin Juma'a. Da na kawo masa labari ya ce, "Da wa suka buga? Au, waɗannan. Ai rabinsu sun tafi hutu."

Bara bayansa ya matsa masa, likita ya ce ya bar tuƙi. Ya tattara ya koma ƙauye, Shamshad ne ya kai shi filin jirgi, ya ɗaukar masa akwati har wurin awo. Yanzu yana da bauna huɗu da ɗan shagon taki a bakin hanya. An ce in yara suna wasa a filin makaranta yakan tsaya daga nesa ya kalla, in suka kira shi ya ce yana sauri.

Duk Juma'a wajen la'asar yakan kira ni. Ya tambayi gwiwata, ya tambayi zafi, ya ba ni labarin baunar da ta haihu, sai can ƙarshe, kamar abin da ya faɗo masa yanzu, ya ce yaya aka tashi. In na ce mun ci, ya ce to madalla, layin ba kyau, sai wani makon. Makon jiya na ce masa Pathanawa sun lallasa mu, Shamshad ya tsaya zai fitar da mutum ya tarar ƙafar mutumin na cikin layi, fili ya yi masa dariya. Tufail ya ce, "Allah sarki, bawan Allah. Tsaya in gyara zama. Faro mini daga farko, wa ya fara jifa?" Mun fi minti arba'in a waya.